Jinin Ubana Ya Fi Rake Zaƙi

Ƙarfe biyu na dare a Piracicaba.
Kogi na ƙugi a bayan ɗakin gwaji,
ni kaɗai, sai firji mai tari,
sai ɗan ƙwan fitila kamar ƙwayar shinkafa
da na shafe wata goma sha ɗaya ina lallashi.

Sunana Dalva, 'yar mai saran rake.
Ubana Valdemar ya yi shekara talatin da adda,
yakan dawo gida baƙi ƙirin da tokar gona,
sai ya yi dariya mu gane shi ne.
Sukarin da ya sara ya hau jirgin ruwa,
ya narke a kofin mutanen da ba su san sunansa ba.
Wanda ya rage ya shige jininsa, ya yi zaune.
Ya cinye yatsu biyu na ƙafar hagu,
yanzu ya koma kan idanu.

Batirina ba darma, ba ruwa mai ƙuna.
Takarda ce da aka shafa wa gawayi,
da sinadarin da muka aro a wurin fumfuna,
mai ɓare sukari kamar gyaɗa,
ya zare ƙwayoyin lantarki ya kora su cikin waya.
Ɗaya gefen, iska kawai yake sha.

Amma akwai shagwaɓa!
Zafi kaɗan, ya sume. Tsami kaɗan, ya yi yaji.
Teruo, abokin aikina, ya ce jinjiri muke raino.
Gwaji na bakwai ma tururuwa suka yashe,
da safe muka tarar da su a layi,
kowace da rabonta na kuɗin bincike.

Daren nan kwalbar sukarin ɗakin gwaji ta ƙare.
A jakata akwai sauran ruwan rake
da na saya a kasuwa wurin mai injin matsa.
Na tace. Na ɗiga uku.
Na je wanke hannu don kada in zuba ido.

Da na juyo, ja.
Ɗan ja, kamar idon ɓera a duhu,
amma ja, kuma bai mutu ba.
Na zauna a ƙasa, kan sumunti mai sanyi.
Ban kira kowa ba.

Ran Lahadi na hau bas da shi cikin gwangwanin biskit.
Baba na baranda, rediyo a cinya.
Na kai fitilar dab da idonsa na dama,
wanda har yanzu yake bambance rana da dare.

"Akwai wani abu," ya ce. "Garwashi?"
Na ce rake ne, Baba.
"Awa nawa yake yi?"
Minti arba'in.
Ya yi tsaki. "Rago.
Ni da wake da shinkafa nake kai magariba."

Sai ya lalubo allurar gwajin suga a aljihu,
ya soki yatsa yadda ya saba kowace safiya,
ya miƙo mini, ɗigon na rawa a kai.
"Gwada wannan. Likita ta ce ya fi rake zaƙi.
Shekara goma yana cina kyauta,
yau dai ya yi aiki."

Na san ɗigo ɗaya ba ya kunna fitila.
Na ɗauko sabuwar takarda, na haɗa ma'auni.
Allurar ta motsa,
faɗin gashi, ko ƙasa da haka.

"Ta kama?"

Can ƙasan tudu motocin rake na wucewa, cike maƙil.
Na riƙe yatsan da auduga,
fatar ta yi kanta kamar ƙotar adda.
Na ce ta motsa, Baba.
Ya ce, "To rubuta. Da sunana."